Hannun jarin Baba da na sayar

Shekara shida ke nan da rasuwar Baba, kuma har yau babban yayanmu, Yaya Sani, bai fasa turo mini hoton kasuwar hannun jari a waya ba. Koren layi ne yana ta hawa sama. Ba ya rubuta komai a ƙasa, ni ma na san karatun: ga abin da za mu gada da ban sayar ba.

Baba ya zo Landan da ƙuruciyarsa, ya tuƙa bas har ya yi furfura. Duk wata yakan yanki wani abu daga albashi ya sayi hannun jari, bayan ya tambayi malamai a Whitechapel wanne ne halal. Da ciwon mantuwa ya fara taɓa shi, ni ya damƙa wa wuƙa da nama a gaban lauya, ni auta, kuma mace. Yayyena sun haɗiye, amma abin ya tsaya musu a rai.

Turancinsa ciwon ya fara cinyewa, ya koma ba ya jin komai sai Hausa. Ranar da muka kai shi ganin gidan kula da tsofaffi, ya riƙe hannun wata ma'aikaciya yana roƙon buta, ita kuwa baiwar Allah tana murmushi tana miƙo masa shayi.

A mota Yaya Sani ya ce, "Rabi, kada ki taɓa shares ɗin nan, market na tashi. Wurin nan is fine."

Na ce, "Yaya, kuɗinsa ne, kuma da ransa."

Na sayar. Da kuɗin na ɗauko Malam Issaka, Bahaushen Kumasi, ya zauna da shi a gidan Baba na Plumstead, yana yi masa alwala, suna musu kan tuwon garin wa ya fi daɗi.

Kasuwa ta ci gaba da hawa, ban musa ba. Da Baba zai ga farashin yau, na san sai ya yi tsaki, don mutum ne mai son riba, har ni zai yi wa faɗa. Sai in bari ya gama. Ko gobe aka maimaita, wallahi sai na sake sayarwa.

Yayyena sun daina zuwa gidana da salla, kuma abin yana yi mini ciwo. Amma ranar da Baba zai cika, ya ce a juya shi gabas. A hankali ya faɗa, da Hausa, kuma akwai wanda ya ji a ɗakin.