Inda Kwalbatinmu Ya Tsaya

Shekarar da aka yi wa unguwarmu kwalbati a Birnin Kebbi, aikin ya tsaya daidai ƙofar gidana. Daga nan layin 'yan kudu ya fara, masu shagunan kayan gyaran babur da masu ɗinki. Duk ruwan da ya bar ƙofofinmu, cikin ɗakunansu yake sauka.

Na tayar da maganar a taron gayyar share magudana da muke yi kafin damina. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗiyata, waɗanga baƙi na, yau suna nan, gobe sun tahi."

Baƙuwar da ke bayan katangata Bayarabiya ce mai sayar da atamfa. Ita ta dafa wa mahaifiyata ruwan wankan jego lokacin da aka haife ni. Ni da aka kira 'yar gari, kakana daga Argungu ya zo da kwandon kifi a ka.

Da hadari ya haɗu, na cika buhunan albasa da yashi na toshe bakin kwalbatin. Ruwa ya dawo ya kwanta a zaurukanmu, har da nawa. Tabarmata ta jiƙe, shinkafata ta lalace, kuma ban ɗaga buhu ko ɗaya ba.

Dattijon ya zo da wando a naɗe har gwiwa, yana faɗa. Na ce, "Baba, yi haƙuri da shi. Ruwan ga baƙo na, gobe ya tahi."