Ranar da Na Kai Jikana Gaida Mutanen Ruwa

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ƙanena, da buhun yajin jego da kanwa da na sha faɗa da ma'aikatan filin jirgi a kansa. 'Yata ce ta haihu a Khartoum. Can ta je karatu, can ta auri wani yaro jikan maniyyatan da suka kama hanyar aikin hajji da ƙafa suka tsaya a garin suka zauna. Niyyata ɗaya ce, kuma ban ɓoye wa kowa ba: in aka yi arba'in in dawo da ita gida da jaririn. Ta faɗa mini a waya cewa dangin mijinta ranar arba'in kogi suke kai jariri, ni kuwa tun da na ji haka barcina ya ragu.

Zafin garin ya mare mu tun a matakalar jirgi. Hanyar Kalakla, unguwarsu, cike take da bas-bas da keke mai ƙafa uku da suke kira rakasha, ga mata masu shayi a gindin kowace bishiya. Uwar mijin, wadda kowa ke kira Habboba, wato kaka, ta tarbe mu da kisra, wata waina mai faɗi sirirriya kamar takarda, da miyar kuɓewa. Ƙanena ya cinye tasa yana jiran a kawo tuwon. Hausarta irin ta tsofaffin ƙauyenmu ce, sai dai Larabci ya yi mata ado.

Na ɗauki jikana na ce, "To angona, ga amaryarka ta zo." Ya dube ni ya yi hamma.

Kafin ranar sun kai mu Kasuwar Libiya a Omdurman sayen lafaya. Kasuwa ce da in ka saki hannun ɗan'uwanka sai dai ku haɗu a gida, tsada kuma ba ta bar kowa ba. A wani shagon kayan waje na ga gumakan wasu wadanni masu farin gemu da jar hula mai tsini. Mai shagon ya ce Turawa ke ajiye su a lambu, wai a tatsuniyarsu akwai 'yan ƙananan mutane da ke zaune ƙarƙashin ƙasa, har madara ake ajiye musu don kada su yi ɓarna. Na yi dariya har da hawaye. Ashe su ma da duk bokonsu suna da mutanen ɓoye! Mu dai namu ba ma zana su. Iyakarmu in za mu zubar da ruwan zafi mu yi bisimilla, mu ce a kauce, kada mu ƙona musu yara.

Ana gobe arba'in na samu Habboba tana dafa balila, dafaffen hatsin da ake watsa wa mutanen ɓoye na cikin kogi. Na ce mata kai tsaye, a garinmu ɓoye wa 'yan ruwa jariri ake yi, don in suka gan shi suka so shi, ɗauka suke.

Ta ce, "Ya Hajja, mu nan a bakin bahar, babban kogi, muke zaune. Yaron nan wata rana zai tafi wanka da 'yan'uwansa, ba ki nan, ba ni nan. Gara su san shi namu ne. Halas, shi ke nan."

Na tashi na bar ta. 'Yata ce ta biyo ni ɗaki. Ta ce, "Umma, in kika hana, har abada ni ce baƙuwar da ba ta kai ɗanta kogi ba. A nan zan zauna fa." Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Tsorona nake son in ɗora mata, ni in hau jirgi in bar ta da kallon dangin miji.

Washegari da la'asar muka gangara kogin Farin Nilu, mata kusan gida guda. Na ce na yarda, amma babu mai riƙe shi sai ni. Na ɗaure zanena tamau, na shiga ruwa har gwiwa. Habboba ta watsa balila da dabino, ta wanke wa 'yata fuska, sannan ta ɗebo ruwa ta shafa wa yaron. Na ƙanƙame shi, na yi bisimilla, na ce da ƙarfi, "Ga shi ku gan shi, amma ba naku ba ne!"

Matan suka kwashe da dariya. Habboba ta dafa ni ta ce, "Wallahi tun ina amarya abin da nake faɗa musu ke nan a zuciyata." Ta miƙo mini hannu. Muka fito riƙe da juna, matan na guɗa, suna rungumar 'yata ɗaya bayan ɗaya.

Mun dawo Kano ni da ƙanena kawai. Ban ƙara tayar da zancen tahowa da ita ba. Tafiyar ta koya mini cewa Bahaushe da Balarabe da Bature duk suna da maƙwabtan da ba sa gani, tsoron ɗaya ne, lallashin ne ya bambanta, kuma Allah ne mai tsare kowa.

Da na isa gida na ɗora ruwan wanka. Na zo zubar da ragowar a makwarara, na yi bisimilla, na ce a kauce. Sai na ji bakina ya ƙara da cewa, "In kun je Nilu, ina da jika a can. Sun san shi."