Lanƙwasar Waya a Bakin Ƙofa

Motar da Baba ya bar mini tsohuwar boks ce, wato a-kori-kura, da ita nake kai masu yankan riɗi gonakin Fashaga. A rufinta, bayan yadin da ke saman kan direba, akwai wata takarda da ya rubuta da tawadar allo: sunayen garuruwan da kakanmu ya ratsa da ƙafa daga yamma, har ya yada zango a Gadarif. Ban taɓa kwafe ta ba, kullum sai in ce gobe.

Da na sayi fitilar ɗorawa a saman mota, sai na kai wa wani usta a kasuwa, dattijo mai gyaran wutar mota, wanda magana ke yi wa wuya. Ni kuwa mutumin da ba ya magana, hankalina ba ya kwanciya da shi.

"Baba usta, don Allah kada ka huda mini rufin arabiya," na ce.

"Tamam," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

Na ja benci na zauna, idona a kan hannunsa. Ya ɓare robar ƙofa, ya biyo da wayar ta gefen rufi. Amma kafin ya tura ta ciki, sai ya bar ta ta sauko kamar tsawon yatsa, ya lanƙwasa ta ta sake hawa, sannan ya cusa ta ƙarƙashin robar. Lanƙwasar tana reto a waje kamar hannun buta.

"Wannan fa?" na ce, ina nuna wayar.

"Bar shi haka, ɗana. Silik haka yake so."

Sai zuciyata ta ce, to, ga inda aka ɓoye abin. So yake ƙaya ta kama wayar a hanyar gona, ta tsinke, in sake dawowa wurinsa. Ni za a yi wa wayo? Ina isa gida na ja wayar daga ciki har ta miƙe sambal, na naɗe ta da salatif, ina jin kaina gwani.

Ruwan farko ya tare ni a hanyar Basunda. Ban yi nisa ba na ji ɗigo a kafaɗa. Na duba jallabiyata, na ga baƙi ne. Tun kafin in taka birki na san abin da ya jiƙe.

Washegari na koma wurin usta, bakina cike da faɗa. Ya shafa wayar da yatsa.

"Ruwa bin silik yake. A gindin lanƙwasar nan yake ɗiga ƙasa, ba ya hawa. Wa ya miƙe shi?"

Ya ɓare salatif ɗin da na naɗa. Ya sake lanƙwasa wayar yadda take.

Takardar tana nan, na shanya ta ta bushe. Sunaye uku ne kawai ke karantuwa, kuma babu wanda ya rage da zan tambaya sauran.