Farin Garin da Ke Kan Batirin Surukina

Ko zan manta da komai a rayuwata, ban da safiyar sunan 'yata ta fari. Yarinyar yanzu har ta shiga makaranta, amma duk sanda na ga an ɗaga bonet ɗin mota sai in ji raina ya soma ɓaci.

A lokacin ina koyarwa a Tambuwal, matata kuma ta tafi haihuwar fari gidansu, a wani ƙauye kusa da Kebbe. Da aka ce mini mace aka samu, nan take na ƙudurta zan sa mata sunan mahaifiyata, wadda ta rasu ina ƙarami, ko kamanninta ban riƙe ba. Ban faɗa wa kowa ba. 'Yar fari ce, in aka ga kana rawar kai a kan suna sai a ce ba ka da ta ido. Na bari sai ranar, in raɗa wa liman a kunne.

Ana gobe suna surukina ya shigo Tambuwal sayen goro da dabino, ya kwana gidan ƙanensa. Ya aiko cewa kada in wahalar da kaina neman mota, shi zai ɗauke ni da ragon suna a motarsa da sassafe. Motar nan tasa tsohuwa ce tukuf, amma yana ji da ita kamar me. Ba mai taɓa ta sai shi.

Muka idar da asuba, muka ɗaure rago a but ɗin motar. Ya murɗa makulli, ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Bai ko damu ba. Ya ɗaga bonet, ya jawo wani dutse da yake ajiyewa ƙarƙashin kujera musamman don wannan aiki, ya ƙwanƙwasa kan batir, ta tashi. A nan na hango abin. Wani farin gari mai ratsin kore ya taru a kan batirin har ya binne ƙarfen da ke riƙe da waya, kamar an zazzage masa garin rogo. Na san shi, don na taɓa tsayawa ana wanke irinsa a motar abokina. Shi ke hana wuta wucewa. To amma suruki suruki ne, sai na haɗiye maganata na shiga.

Mun yi nisa a hanyar Kebbe sai ya hango wani tsohon amininsa a bakin gona. Ya taka birki, ya kashe mota. Kashe ta fa ya yi! Suka shiga gaisuwa, daga iyali zuwa damina, daga damina zuwa gero, har da ciwon gwiwar wani da ban san ko wane ne ba. Aminin ya hau kekensa ya yi gaba. Aka murɗa makulli, shiru. Aka ɗauko dutse aka buga, aka sake bugawa, ko tari ba ta yi ba.

Na tattaro ƙarfin halina, ina kallon ƙasa, na ce, "Baba, ko wanga farin abu da yat taru ga batir shi ka hana ta tashi?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Wanga? Malam, tun da nis saye ta shina nan. Shi ka riƙe kan batir. In ka kankare shi waya ta yi sako-sako, mi za ka ce? Mai ne bai hau ba. Kai dai tura."

Na tura. An kwana ana ruwa, hanya duk yashi da taɓo, ga ni cikin sabuwar shadda ina nishi, rago yana ta kuka a saitin fuskata. Motar ba ta ko yi gudun da za ta kama ba. Ya sauko ya kwance fulogi ya hura, ya zuƙi tiyon mai ya tofar, ya ce in ƙara turawa. Ni kuwa ina ganin ciwon ƙuru-ƙuru da idona, ba halin in sake nunawa. Na duba waya, ba sabis. Babura suna ta wuce mu, na ce ko mu tsayar da biyu mu yi gaba da ragon.

"Mu da mota mu hau mashin? Yanzun ga za ta tashi."

Wallahi ban taɓa jin takaici irin na ranar ba. Rana tana ta ɗagawa, ni kuma ba abin da nake gani sai mutane zaune a kan tabarmi suna jiran mu.

Da ya gaji don kansa, sai ya ce akwai mai gyaran injin ban-ruwa a ƙauyen da ke gaba, bari ya ɗauko shi. Mashin ɗin da ya ce ba ma hawa, shi ya tsayar ya ɗare. Yana tafiya yana waiwaye, "Kak ka taɓa ta fa!"

Yana ɓacewa na ruga wata ruga da ke gefen hanya. Na sami wata dattijuwa a bakin murhu, na roƙe ta ruwan zafi da ɗan gutsuren kanwa, ta jiƙa mini a gwangwani. Na ɗauko sifana a motar, na kwance baƙar waya tukun sannan ja. Ina zuba ruwan kanwar garin ya hau kumfa yana narkewa. Na kankare sauran da 'yar wuƙata har ƙarfe ya fito fes, na goge da tsumma, na mayar na ɗaure tamau. Murɗawa ɗaya ta tashi. Duk aikin bai kai tsawon gaisuwarsa da amininsa ba.

Ya dawo shi kaɗai, mai gyaran ya tafi gona. Ya tarar da ita tana ruri, ya yi murmushi. "Ka gani? Hutawa taka so."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Muna isa muka tarar ana naɗe tabarmi. Yayan surukina ya tarye mu a ƙofar gida, ya ce sun jira har liman ya ce za shi jana'iza. Da yayan ya ga jama'a za su watse, sai ya kama nasa ragon aka yanka.

"Tunda ba ka ba mu suna ba," in ji shi, "sai muka sa mata na tsohuwarmu."

Sunan mahaifiyarsu ke nan, shi da surukina. Na juya na ga idon surukina ya cika da ƙwalla. Mutumin da ko haɗa ido ba ma yi, ya kama hannuna biyu yana ta sa mini albarka. Ku gaya mini, da wane baki zan ce a sake?

Tun daga ranar na gane cewa girmama babba daban, zuba masa ido cikin kuskure daban. Da tun a Tambuwal na dage cikin ladabi, da iyakarta ya ji haushina na yini guda ya huce. Yanzu in na ga abu zai lalace ina faɗa, ko a gaban wa, kuma ba na jinkirta maganar da ke da muhimmanci a gare ni saboda kunya. Na koya, amma a makare. 'Ya'yan da Allah ya ba mu bayanta duk maza ne, sunan mahaifiyata har yau ban sami wadda zan kira da shi ba.