Fayil Ɗin da Ya Je Kasuwar Giwa

Ana idar da sallar asuba ranar Alhamis muka bar Tudun Wada, ni da dattijon masinjan ofishinmu, ko koko ban tsaya sha ba. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba, ɓarnar da na yi da hannuna na tafi gyarawa.

Ni akawu ne a kwalejin da ke unguwar Kongo. Bara aka kafa mana jadawalin ajiyar takardu a bango: wasiƙun neman shiga a ƙone su bayan shekara uku, fayil ɗin ɗalibi kuwa a ajiye har abada. Ran da nake tacewa na ga wani fayil da wasiƙar ajami maƙale a samansa, ban ko buɗe ba na jefa shi cikin tarin wasiƙu. Masinja kuma, maimakon ƙonawa, sai tausayin takarda ya kama shi, ya ba wani surukinsa mai tsire a Giwa buhu guda.

Ashe sakamakon jarrabawar wani tsohon ɗalibi na ciki. Gara ta cinye takardar shaidarsa, ga shi za a ɗauke shi aikin akawun kotu in ya kawo wata kafin Asabar. Babban Akawu ya ce da ni ko fayil ya dawo, ko in bar masa kujera.

A tashar Kwangila muka sami lori, sule biyu kowa. Aka dasa ni tsakanin buhun gishiri da wani bunsuru wanda tun daga Samaru ya ƙulla aniyar cin hulata. Damina ce, dawa ta yi kore shar hagu da dama, hanya kuwa ta zama kunu. Bayan Shika muka kafe, duk muka sauka turi, farin wandona na ofis ya koma ja. Matan Fulani suka zo da fura da nono, ƙwarya kobo biyu. Da na ga wata mai gyaɗa tana ƙunshi da takarda, sai na saya don kawai in karanta. Tsohuwar jarida ce.

Mun iso Giwa da hantsi, kasuwa ta cika maƙil. Hayaƙi ne ya kai mu rumfar mai tsiren. Buhun na gefensa, saura kwata. Na durƙusa ina tonawa, ina ganin lambobin ofishinmu jiƙe da mai da ƙuli. Babu fayil. Na zazzage buhun na sake dubawa.

Mai tsiren ya ce, “Malam, me ake nema ne haka?”

Na ce, “Wata takarda ce mai kwali, Baba, da rubutun ajami a sama.”

Ya ajiye wuƙa, ya wanke hannu tas, ya miƙa cikin jinkar rumfa ya zaro wani ƙunshin tsumma. “Wannan? Ni ban san boko ba, amma na ga Bisimilla a kanta. Ina ni ina naɗe nama da sunan Allah?”

Wasiƙar mahaifin ɗalibin ce, wadda ya roƙi a karɓi ɗansa. Na buɗe fayil ɗin da ke ƙarƙashinta: ga sakamakon nan, ko ɗigon mai bai taɓa shi ba. Na yi ta kabbara har masu cinikin shanu suka waiwayo. Ya ƙi karɓar tukuici, ya ma ƙara mana tsire, wannan karon a ganye.

A dawowa na cusa fayil cikin riga, ruwa ya yi mana duka tun daga Shika, ban damu ba. Da safen Jumma'a na ɗora shi a teburin Babban Akawu, na buga sabuwar shaida da kaina. Yau mutumin yana zaune a kotu, ni ma ina kan kujerata.

Jadawali bai yi laifi ba, ni ne na yanke wa fayil hukunci daga takardar sama. Yanzu sai na buɗe har ƙarshe, kuma abin ƙonawa a gabana ake ƙona shi. Ni da na iya karatu biyu na jefar, mai tsire da ya gane kalma ɗaya tak ya sa fayil ɗin a layin ajiyar har abada.