Tawadar Waliyyai a Tanderun Gurasa

Shekaru sun ja, ido ya dushe, abubuwa da dama sun sulale daga ƙwaƙwalwata, amma al'amarin tukwanen kufai yana nan daram, kuma da shi za a kai ni makwanci.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga karatu a Katsina ba. Limamin ƙauyenmu, yamma da Tasawa, ya tsufa ƙwarai, dattawa suna shawarar wanda zai gaje shi, sunana kuwa yana bakinsu. Ni ma, Allah Ya yafe mini, har na fara naɗa rawani irin na limamai.

Wata safiya magina suka je ɗibar ƙasa a kufan wani sansanin mayaƙan dā, inda sauran ganuwa kaɗai ya rage. Suna haƙa suka tarar da manyan tukwane bakwai a jere, binne har wuya, cikinsu baƙi ƙirin. Aka aiko a kira ni. Na leƙa, na shafa, na sansana, jama'a sun zuba mini ido. A nan ne ya kamata in ce ban sani ba. Sai Shaiɗan ya raɗa mini cewa mai neman limanci ba ya faɗin haka.

Na gyara murya na ce, "Waɗannan tukwanen tawada ne na waliyyan farko. Ku dubi baƙinsu, ku dubi adadinsu: bakwai, kamar sammai."

Kafin la'asar gari ya watse zuwa kufai. Ana kankarar baƙin, ana jiƙawa, ana sha don neman tubarraki. Wani Bafillace ya ɗura wa sansa. Wani manomi ya rantse ciwon bayansa ya tafi. Kwana uku kowa a garin leɓensa baƙi, ni ma haka, domin ni na fara sha.

Rana ta huɗu gwaggona ta zo, tsohuwa mai dogara sanda, wadda a ƙuruciyarta ta yi aikin girki gidan fataken Larabawa a Damagaram. Ta leƙa tukunya ɗaya, ta kece da dariya har ta zauna ƙasa.

"Ɗan nan, mi ka ce wanga abu?"

"Gwaggo, wannan fagen ilimi ne."

"Fagen ilimin uwaka! Tanderu ne. Gurasa aka gasa ma sojan sarki a ciki. Kun shanye ƙaurin abincin mutane kuna hamdala!"

Na kawo mata larabci baƙi biyu. Ba ta kula ni ba. Ta sa aka hura wuta a tukunyar da ba ta fashe ba, ta kwaɓa gari, ta manna a jikin tukunyar. Ba a jima ba ƙamshi ya cika kufai. Ta ɓamɓaro guda ta miƙo mini: "Ungo, Malam, karanta wannan."

Bayan azahar Liman ya sa aka kai ni gabansa. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ban sani ba, kuma tun farko ban sani ba."

Ya ce, "Madalla da wannan kalma. Da ka faɗe ta ranar Lahadi, da yau kai ke gaban sahu. Ka kawo ta ranar Laraba, bayan ka shayar da Musulmi toka."

Limanci ya tafi ga wani, wanda bai kai ni karatu ba amma ya fi ni tsoron fatawa. Ni kuwa aka laƙaba mini Malam Tanderu, har jikokina sun ji. Manomin nan kaɗai ya tsaya mini, ya ce shi dai bayansa ya warke.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo ɗaukar karatu wurina, kafin mu buɗe littafi sai ya ce "ban sani ba" sau uku. Wanda ya ji nauyinta a harshensa, sai in aika a sayo masa gurasa, in ba shi labarin.