Kekunan da Na Tsufar da Su Rana Ɗaya

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da aka miƙa mini takardar tuhuma ba, ta farko kuma ta ƙarshe a duk shekarun aikina. Laifina, yadda aka rubuta shi, shi ne lalata kayan ofis da gangan. Da gangan ɗin gaskiya ne. Lalatawar ce har gobe ban yarda ba. Tunda ku sababbin ma'aikata kuna ta tambayar abin da ya sa kekunanmu suke kama da waɗanda aka tono daga juji, bari in gaya muku da bakina kafin wani ya ƙara gishiri.

A lokacin ni ne mai kula da ababen hawa a ofishinmu na Ƙaura. Muƙamin ya fi aikin daɗin ji, don makaniki ne kawai aka ba tebur. Aikin ofishin kuwa kun san shi: kai magunguna ga mutanenmu na ƙauyuka, daga nan har sassan Zurmi da Shinkafi. Da hanya ta lalace da 'yan bindiga, aka taƙaita hawan babur, sai hedikwata ta sayo wa masu kai magani kekuna goma sha biyu. Suka iso cikin kwalaye, kowanne da famfonsa, da sifana, da faci, da sholisho. Ni na haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Kekuna ne masu kyau, ba zan ci amanarsu ba. Amma farare ne tas, da tambarin ofis a jiki, da 'yar tuta a baya, da farin akwatin magani a kan kariya. Daga nisan gona uku za ka hango su suna walƙiya.

Ga ƙa'idar, don wanda bai sani ba. Duk abin da aka sayo sai ya shiga sito a buga masa lamba, a yi bikin miƙawa a ɗauki hoto a aika sama. Bayan haka ba mai ikon sauya masa ko da noti ɗaya sai da izinin shugaban ofis a rubuce. Shugabanmu a lokacin Oga Lawali ne, mutum mai tsabta da son tsari, wanda takalminsa bai taɓa sanin lakar hanyar Kurya Madaro ba.

Na bi ƙa'ida, na same shi kafin biki.

"Ranka shi daɗe, kekunan ga sun cika haske," na ce. "Wanda duk yag ga hwarin keke da tuta ya san na ohis na. Mutanen daji ba makahi ba na. Ka ba ni izini in dushe su."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Garba, aikinka ɗaurin noti na. In masu duba aiki sunka zo, mi za ni nuna musu? Ka bar su yadda anka kawo su."

"In anka ɗauke mutum guda, mi za mu nuna ma iyalinai?"

"Ka gama?"

"Na gama, ranka shi daɗe."

Ban gama ba. Ni na tashi a hanyoyin nan, na san yadda ake zaɓen mutum. Ana kallon takalmi, ana kallon agogo, ana kallon abin hawa, a ƙiyasta ko akwai wanda zai biya a bayanka. Mai farin keke da tambari kuwa ya riga ya yi wa kansa shela cewa akwai ofis a bayansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aka yi biki ranar Alhamis, aka tafa, aka ɗauki hoto. Cikin waɗanda aka miƙa wa har da Shehu, mai kai magani yankin Kurya, magidanci mai 'ya'ya biyar, mutum mai fara'a da son gayu. Shehu bai iya haƙuri ba. Tun kafin biki ya je Kasuwar Daji ya sayo madubai biyu, da ƙararrawa mai ƙarar tsiya, da jar rigar sirdi mai geza, da furannin roba. A gaban kowa ya ɗaɗɗaura su, kekensa ya koma kamar amarya. Aka ce a bar mini kekunan zuwa Litinin in ƙara ɗaure su.

Ranar Asabar da hantsi na buɗe gareji da samfefa da galan ɗin baƙin mai. Na cire tutoci. Na kankare tambari. Na goge farin fenti har ya mutu, na shafa baƙin mai, na watsa toka da jar ƙasa, na bar su a rana. Na naɗe wasu wurare da tsohuwar roba kamar an taɓa karyewa. Akwatunan magani na saka su cikin tsofaffin buhunan taki. Famfo da sifana da faci na ƙunshe su a tsumma na ɗaure ƙarƙashin sirdi. Lambar sito kaɗai na bari, a ƙasan ƙarfe inda sai an kifa keke a gan ta. Birki, kaca, taya, duk lafiya lau, ko ƙwarzane ban yi musu ba. Da na zo kan na Shehu hannuna ya yi nauyi, gaskiya na ji tausayinsa. Amma na kwance kayan adon na zuba masa a leda.

Litinin da safe Oga Lawali ya tsaya bakin gareji yana ƙare wa kekunan kallo. Da maganar ta zo, ta zo da yawa. Kafin azahar takarda ta iso tebur, in ba da amsa cikin kwana ɗaya. Wasu suka ba ni shawara in ce yara ne suka shiga, ko in rubuta ban haƙuri. Na ƙi. Amsata layi uku ce: ni na yi, da hankalina na yi, kuma in aka kawo wasu gobe haka zan yi musu. Wannan amsar ta ci mini ƙarin girma na shekarar, aka jefa takardar a fayil ɗina.

Fushin Oga bai dame ni ba kamar na Shehu. Ya karɓi ledarsa idanunsa sun yi ja.

"Baba Garba, mi niy yi maka? Tun da anka haihe ni ban taɓa hawan sabon keke ba. Kwana guda ba ka bari na shiga gari da shi ba."

"Sabo na, Shehu. Riga ta niƙ ƙazanta mai."

"Allah shi isam min," ya ce, ya ja kekensa.

Kusan wata biyu ba ya gaishe ni. In iskar tayarsa ta sauka, gara ya kai wa mai faci na bakin tasha da ya shigo garejina. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ban bi shi da lallashi ba.

Sai wata Laraba cikin damina, gero ya kai tsayin mutum. Shehu ya kamata ya dawo kafin azahar, har la'asar ta wuce babu shi. Labari ya riga ya iso cewa an tare hanya. Oga Lawali yana ta safa da marwa a baranda, waya a kunne. Ni kuwa ina zaune bakin gareji da sifana a hannu, ban san abin da nake ɗaurewa ba.

Can sai ga shi yana turo keke da ƙafa. Bai nufi ofis ba, wurina ya yo. Ya zauna a kan tsohuwar taya, na ba shi ruwa ya sha. Da ya nutsu ya ce 'yan bindiga ne suka fito masa daga cikin gero su huɗu. Sun riga sun zaunar da mutum biyu a gefe, an ɗaure su. Ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya zagaya keken, ya shuri buhun, ya ga buhun taki ne, ya duba hannunsa da ya taɓa ƙarfen ya ga baƙin mai, ya goge a rigar Shehu. Ya ce masa, "Kai da wanga tsohon ƙarhe, wa za ya biya ma ko sisi? Ɓace." Shehu ya ce ƙafafunsa sun ƙi hawa, shi ya sa ya turo shi tun daga can. Mutum biyun nan kuwa an shiga da su daji.

Oga Lawali ya sauko yana tsaye bayanmu, ya ji komai.

Sai Shehu ya miƙe, ya jawo keken gabana, ya nuna bayan sirdi da yatsa, inda ruwan sama ya wanke.

"Baba Garba, duba nan. Hwarin ya hwara hitowa. Ƙara mai baƙin mai."

Na tashi na ɗauko galan.

Oga Lawali bai janye takardarsa ba, ni ma ban roƙe shi ba. Da aka sake kawo kekuna, bayan an gama hoto, ya aiko mini da makullin sito ba tare da ko kalma ɗaya ba. Na gane, na ɗauki samfefa.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan akwai mai tsaron kaya, akwai mai tsaron wanda ke kan kayan, kuma wata rana dole ka zaɓi ɗaya. In ranar ta zo muku, ku fara bin ƙa'ida, ku faɗa wa na sama gaskiya a fuskarsa. In ya ƙi, ku yi abin da kuka sani, ku sa hannu da sunanku, kada ku laɓe bayan kowa. Takardar tana nan a fayil ɗina, wanda yake so ya je ya karanta. Shehu ma yana nan, ga shi can yana yi wa tayarsa iska.